Amsar tambayar Alhaji kan labulen tagogin falaza

Wannan ita ce muryar da mai aikin sa labule ya turo jiya da yamma a guruf. Na rubuta ta saboda waɗanda suka ce ta ƙi buɗe musu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar wannan gida, barkanmu da yamma. Alhaji, ranka ya daɗe, na ga saƙonka tun da safe, ina kan tsani ne a wurin aiki shi ya sa ka ji ni shiru, kuma maganar ta fi ƙarfin rubutu, gara in yi ta da baki. Allah ya sanya alheri a ginin, ya kawo 'yan haya na kirki masu biya a kan kari.

To, ga waɗanda tambayar ta wuce su. Alhaji ya gama falaza a nan Kano, ƙasa shaguna har da kemis guda, sama ofisoshi da ɗakin taro. Wani ya kawo masa lissafi a sa labulen zebra, mai ratsi-ratsin nan da ake ja da sarƙa, a tagogin gaba ɗaya, kala ɗaya, iri ɗaya, shi ne yake tambaya ya biya ko ya dakata.

Alhaji, ka dakata. Ba wai mutumin macuci ne ba, a'a, zebra ake yayi yanzu, kuma a hoto babu wanda ya kai ta kyau. Amma tagogin gininka ba aiki ɗaya suke yi ba. Wata rana ce ke dukanta, wata kuma ko sau ɗaya rana ba ta leƙa ta da ƙarfi. Wata mai kwamfuta ne zai zauna kusa da ita, wata magani ne jere a bayanta. In ka sa musu abu ɗaya, wasu kuɗin ya yi musu yawa, wasu kuma bai yi musu komai ba.

Abu na farko da nake tambayar kowa, ina tagar take kallo? Ba sai an nemo na'ura ba. Ka tsaya kamar za ka ta da salla. Alƙiblarmu a Kano gabas ce mai ɗan karkata arewa, to abin da ke bayanka yamma ne. Ka ce min da ka yi salla a ofishin sama, babban gilashin nan na gaban titi yana bayanka. Yauwa. To a nan duk matsalar ginin take.

Bari in yi bayani, don mutane suna raina wannan abin. Tagar gabas tana shan rana da hantsi, lokacin gari bai gama ɗumama ba, kafin sha ɗaya ta haye sama ta bar ta. Tagar kudu tana samun rana ne a watannin sanyi, Nuwamba, Disamba, Janairu, lokacin da rana ke bi ta kudu, kuma daga sama take zuwa, ɗan baranda ko rumfa ya isa ya tare ta. Tagar arewa ita ce 'yar gata, duk da cewa mu nan, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana tana ɗan bi ta arewa da mu, amma a tsaye take, ba ta shiga ɗaki sosai. Ita kuwa ta yamma, daga bayan azahar har magariba rana tana saukowa tana kallon gilashin ido da ido, a daidai lokacin da gari ya fi zafi. A Afrilu da Mayu kuwa kun san Kano, zafi yana haura digiri 40.

Ga lissafin da nake yi wa mutane. Gilashi fari na yau da kullum, wanda ba a yi masa komai ba, yana barin fiye da kashi 80 cikin 100 na zafin ranar da ta doke shi ya shige. Da la'asar, kowace murabba'in mita ɗaya ta gilashin yamma tana iya shigo da zafi kamar wat 500. In gilashin ofis ya kai murabba'in mita 10, ka ga wat 5,000 ke nan. Ita kuwa esi mai doki ɗaya da rabi, wadda aka fi sawa a ofisoshi, ƙarfin sanyayawarta wajen wat 3,500 ne. Ka gane? Gilashin kaɗai ya cinye ta, ba a ma zo kan mutane da kwamfutoci ba. Shi ya sa za ka shiga ofis da ƙarfe huɗu, esi tana ta gurnani, mai ofis yana fifita da fayil, yana zagin mai gyaran esi wai bai cika mata gas ba. Ba gas ba ne. Kuma in layin wutarka na Band A ne, wato wanda aka fi ba wuta, tun Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗi yunit ɗaya ya haura naira 200. In janareta ne kuwa ba sai na faɗa ba.

To a nan zan faɗi maganar da ba ta kawo min ciniki. Duk labulen da za a rataya a cikin ɗaki, zafin ya riga ya ƙetare gilashi kafin ya same shi, kamar ka kama ɓarawo ne bayan ya tsallako katanga. Ana rage ɓarna, amma ya shigo. Abin da ya fi aiki shi ne a tare rana tun daga waje. Ku duba tsofaffin gine-ginen gwamnati da na jami'o'i na shekarun 1960 da 1970, za ku ga faifan kankare a tsaye ko a kwance a gaban tagogi, ko bulo mai huji-huji. Ba ado ba ne, inuwa ce. Ko asabarin da iyayenmu ke ratayawa a ƙofar ɗaki, a waje yake, iska tana wucewa, rana ba ta shiga. Mu ne muka zo muka ɗauko gini mai gilashi tun daga ƙasa har sama muka dasa a garin da rana ba ta wasa.

Saboda haka, Alhaji, tunda gini ya riga ya tsaya, ka kira mai walda ko mai aikin alminiyum ya duba gefen yamman nan. A yi masa faifai a waje. Amma a kula, rumfa ta kwance ba ta tare ranar la'asar, don ta ƙarƙashinta take shigowa. Yamma tana son faifai na tsaye masu ɗan karkata, ko raga mai kauri da ta rufe fuskar tagar. In akwai fili tsakanin gini da kwalbati, ka dasa darbejiya, ko da yake 'yan shagon ƙasa za su yi ƙorafi ta rufe musu allon talla. Wannan kai da su.

Wasu za su ce a manna tintin a gilashi. Yana taimakawa in mai kyau ne. Na banza kuwa, bayan bazara ɗaya ko biyu sai ya koma shunayya ya yi ta kumbura, kun sha gani a gilashin motoci.

Yanzu mu shigo ciki. Ga ofisoshin yamman nan masu kwamfuta, ni abin da zan sa shi ne mai naɗewa, rola, da yadin da ake kira sansikirin. Yadi ne mai ƙananan huji, zare ne aka lulluɓe da roba, kana zaune kana ganin titi amma hasken ba ya kashe maka ido. Yana da lamba, kuma lambar nan ita ce mai sayarwa ba ya son a tambaye shi. Akwai mai kashi 1, mai 3, mai 5, mai 10, wato yawan hujin da ke jikinsa. Ga yamma ka nemi 3, in ranar ta yi tsanani ma 1. Ga arewa da kudu 5 ya wadatar. Mai 10 a gefen yamma asarar kuɗi ce, mai kwamfuta zai ci gaba da manna kwali a taga.

Sai kala. A nan akwai ciniki, dole ka ba da wani abu ka karɓi wani. Fari ko ruwan madara yana mayar da zafi waje, amma shi kansa yana ƙyalli, kuma ba a ganin waje sosai ta cikinsa. Mai duhu, ruwan toka ko baƙi-baƙi, ya fi kashe ƙyalli, ana ganin titi tas, amma yana shan zafi ya riƙe, in ka taɓa shi da la'asar za ka ji. Akwai mai fuska biyu, bayansa fari ko ruwan azurfa, cikinsa toka. Ya fi tsada, amma in za ka kashe kuɗi a wuri ɗaya a ginin nan, to a nan ne. Kuma a bar rata tsakanin labule da gilashi, kamar santimita 5, kada a manne su. In zafi ya taru a tsakani ba hanyar fita, gilashi yana iya tsagewa daga gefe, ka zo kana neman yaron da ya yi jifa.

Abu ɗaya game da sansikirin da dole a gaya wa ɗan haya tun farko: da dare yana juyewa. In an kunna fitila a ciki waje ya yi duhu, na titi yana ganin na ciki, na ciki ba ya ganinsa. Ofishin da ake tashi ƙarfe biyar ba ruwansa. Amma mai canjin kuɗi, ko mai POS da ke ƙirga kuɗi bayan isha, ko ɗakin da mata ke aiki, wannan a ƙara masa na biyu mai toshewa gaba ɗaya. Akwai maƙali mai ɗaukar rola biyu, ɗaya na rana ɗaya na dare.

Ɗakin taro kuwa bulakawut, wato mai hana haske kwata-kwata, saboda majigi. Kuma a ɗora shi a kan bango ya zarce tagar da kamar santimita 10 kowane gefe. In aka cusa shi cikin ramin taga, haske zai riƙa zubowa ta gefe biyu, daidai kan allon.

Kemis ɗin ƙasa, wannan ba maganar ado ba ce. Ɗauki kwalin magani ka karanta, yawanci an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, wasu 25, a nisanta daga hasken rana. In tagarsa tana yamma, a sa masa mai toshewa mai farin baya, kuma kantar magani ta bar jikin gilashi. Haka mai atamfa da shadda, rana tana cin kalar ninkin da ke sama, a buɗe turmi a ga layi. 'Yan Kantin Kwari da ke cikin guruf ɗin nan sun fi ni sanin wannan.

To ita zebrar fa? Ba na ƙin ta. Yadi biyu ne masu ratsi, ratsi mai kauri da ratsi mai raga, in ka ja sarƙa mai kaurin ya hau kan mai raga ta rufe, in raga ta haɗu da raga ta buɗe. A wurin karɓar baƙi, ko ofishin manaja da ke kallon arewa, tana da kyau ƙwarai. Amma a yamma, in ka buɗe ta, rana tana shigowa ratsi-ratsi a kan tebur da sikirin, ido ya gaji. In ka rufe, ka rasa ganin waje, kuma zafin bai ragu sosai ba. Sannan ga ƙura. Ragar nan tana kama ƙurar hunturu, ƙurar tana shiga tsakanin yadin biyu inda tsumma ba ya kaiwa. Farar zebra a bakin titi mai yawan mota, kafin hunturu ya fita ta koma ruwan ƙasa, in aka ce a wanke da ruwa da omo kuma sai ta yamutse, ratsin ya daina haɗuwa.

Maganar ƙurar nan ita ce ta biyu bayan rana, kuma waɗanda ke kawo kayan daga Legas ba sa lissafa ta. Ka tambayi kanka, wa zai goge? Mai faifan alminiyum a kwance, benishiyan, mai faɗin milimita 25, yana da kyau wajen juya haske sama ko ƙasa, kuma ruwa ba ya ɓata shi, shi ya sa nake sa shi a banɗaki da kicin na ofis. Amma kowane faifai shiryayye ne don ƙura ta kwanta, kuma a taga ɗaya za ka ƙirga faifai da yawa. Mai shara ba zai bi su ɗaya bayan ɗaya ba, zai sa tsumma ya murje, ya lanƙwasa su, in ya lanƙwashe kuma ba ya komawa daidai. Na katako mai milimita 50 ya fi kwarjini, amma yana da nauyi, a babbar taga igiyarsa ba ta daɗewa.

Na tsaye, batikal, wanda muka saba gani a bankuna da ma'aikatu, mai faɗin milimita 89 ko 127, shi ƙura ba ta zama a jikinsa sosai tunda a rataye yake. Yana da araha, yana rufe taga mai faɗi, in ɗaya ya lalace a cire shi kaɗai a sa wani. Kuma da yake ana juya shi hagu da dama, yana iya tare ranar gabas da ta yamma da ke zuwa ta gefe. In kuɗi ya yi ƙaranci, shi zan ce a sa a yamman maimakon zebra. Aibinsa biyu. Fanka ko esi in tana hura shi, yini zai yi yana kaɗawa yana ƙara. Sannan siririyar sarƙar roba da ke haɗa ƙafafunsa a ƙasa, ita ce ke fara tsinkewa, daga nan sai ka ga ofis kamar an yi dambe a ciki. Na roba mai arha kuma rana tana gasa shi ya karkace. Araha ba ta ado.

Sansikirin da na ce, dalilin da na fi son shi a garin nan ke nan: shafe yake, tsumma mai ɗan danshi ya isa, an gama.

Sai awo. Ranka ya daɗe, kada ka yarda a yi awo daga takardar zanen gini, ko a auna taga ɗaya a ce sauran haka suke. Maginanmu Allah ya saka musu, amma filasta ba ta fita daidai. A sa tef a auna faɗin kowace taga a sama, a tsakiya, a ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta, a rage kamar santimita ɗaya in a cikin rami za a sa. A duba hannun taga, a duba ƙarfen tsaro in a ciki aka kafa shi, a duba ko tagar ciki take buɗewa. Na je wani ofis an sa rola mai tsada, an zo buɗe taga ta ƙi, labulen ya tare ta, sai da aka kwance duka aka sake huda bango. Babban gilashin kuma kada a yi masa rola ɗaya doguwa. In faɗi ya wuce mita biyu da rabi zuwa uku, bututun da yadin ke naɗewa a kai yana lanƙwasawa a tsakiya, yadin ya riƙa naɗewa a karkace yana cin gefe. A raba shi daidai inda ƙarfen gilashin ya raba. Sannan a ɗaure a jikin lintal, wato kankaren saman taga, ko bulo, da sukuru da fisha, robar nan da ake cusawa a hujin bango. Silin POP ba ya riƙe nauyi sai in an sa katako a bayansa, ana ja sau kaɗan zai zazzago.

Kuɗin kuma da murabba'in mita ake yi. Taga mai faɗin mita 1.2 da tsawon 1.5, ka ga 1.8 ke nan. Ka ce ya rubuta maka kowace taga da awonta da irin yadinta da kuɗinta, ba jimla ɗaya a ƙasan takarda ba. Ka tambaya ko kuɗin ɗaurawa yana ciki, kuma ƙaramar taga ta banɗaki nawa zai caje ta, don da yawa suna lissafa ta mita ɗaya cur ko ba ta kai ba. Farashi yana bin dala, tunda yawancin yadin da kayan haɗin daga waje suke zuwa, saboda haka lissafin wata biyu da suka wuce ba lissafi ba ne. Ka riƙe kan na'urar da ke naɗe labulen ka ja sarƙar da hannunka. Yadi yana iya zama mai kyau a haɗa shi da kai na roba mara ƙwari, kuma kan ne ke fara mutuwa.

Wuta kuma, Allah ya kiyaye. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Sabon Gari a 2016. Gini na haya mai jama'a, ga wayoyi ga canjin layi tsakanin NEPA da janareta, ka nemi yadin da ba ya saurin kama wuta. Masu kyau suna zuwa da takardar gwaji, za ka ga an rubuta BS 5867 ko NFPA 701. In ya ce yadinsa haka yake, ya nuna takardar. Kuma kada labule ya sauka a kan soket.

Wani ya tambaya a ƙasan saƙon Alhaji game da mai rimot. Akwai shi, injin yana cikin bututun, irin na kamfanin Somfy na Faransa da wasu na China. A taga mai tsayi da hannu ba ya kaiwa, ko zauren taro babba, yana da amfani. Amma in na wuta ne, ranar da babu wuta labule yana nan inda ya tsaya, sai in an haɗa shi da inbata, kuma wayarsa tun kafin filasta ake binne ta. Akwai mai batir da ake caji. Ga falaza ta haya dai ni ban ga dalili ba, rimot ɗin ma ɗan haya na farko zai tafi da shi.

Hajiya, Allah ya ƙara girma, na ga taki tambayar ta makarantar yara da ɗakin shan magani. Ki guji duk mai igiya ko sarƙa da ke lilo ƙasa inda yaro zai kai. Yara suna sa wuya a ciki, an yi asarar rayuka ta haka a ƙasashen waje har aka kafa doka a kai. In dole sai mai sarƙa, a ɗaure ta a bango da maƙalinta, sama da inda hannun yaro ke kaiwa. A asibiti kuma mai shafaffen jiki wanda za a goge da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba mai saƙa da ke shan ƙura ba.

Saura abu ɗaya, Alhaji. In so kake ginin ya fito iri ɗaya daga titi, wanda na san shi ne ya ja ka ga kala ɗaya, to ba sai an sa iri ɗaya a ciki ba. Ka sa a takardar haya cewa duk abin da ɗan haya zai rataya a tagar gaba, bayansa ya zama fari. Daga waje za a ga gini a tsare, daga ciki kowa da abin da ya dace da aikinsa. Gefen yamma da ɗakin taro kai ka yi su da kanka, sauran shagunan ka bar wa masu shiga, don ba ka san mai ɗinki ne zai kama ko mai sayar da waya ba.

Ka ce wa mutumin ya kawo samfur, yanki babba ba ɗan ƙyalle ba, na sansikirin mai 3 da mai 5 da zebrar tasa. Ku hau sama da ƙarfe huɗu, a manna su a gilashin gefe da gefe, ka zauna inda tebur zai zauna ka buɗe waya ko kwamfuta ka gani, ka kuma sa tafin hannu a bayan kowanne. Kafin alƙalami kuma kada ya wuce rabi, ragowar sai an ɗaura ka ja kowanne sama da ƙasa da hannunka. In ya kawo sabon lissafin ka turo min ta gefe in duba maka. Na bar ku lafiya, wassalamu alaikum.